Fim ɗin soyayya da ban dariya: a kalla da yara ko a jira su yi barci?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Edita ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da ƴan uwana iyaye a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato wannan maganar da muke yawan faɗa idan yaro ya kawo fim a waya ko a filas a saka a talabijin ɗin falo, sai kaji ance "a bar su su kalla, ai na dariya ne, ba komai a ciki". Wallahi wannan kalma ta "ba komai a ciki" ta shigar da abubuwa da yawa gidajenmu. Idan fim ɗin yaƙi ne ko na aljanu kowa yana taka-tsantsan, amma da zarar an ce soyayya ce ta barkwanci sai a saki jiki, uwa ta tafi kicin, uba ya fita masallaci daga can ya wuce majalisa, a bar yara da rimot.

Ni ba na cikin masu cewa a fasa talabijin, ina kallon fim kuma ina jin daɗinsa, na taso a gidan da ake kallon Indiya kamar yadda yawancinmu muka taso. Fim ɗin Indiya ba baƙo bane a ƙasar Hausa, iyayenmu maza sun kalle shi a Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba a Kano tun kafin bidiyo ya shigo gidaje. Amma a lura, a wancan lokacin sai mutum ya tashi ya je silima ya biya kuɗi, kuma akasari manya ne maza, yaro ɗan shekara bakwai bai isa ya je ba. Ko da kaset ya zo, yaren ya kare mu, muna ganin rawa da kuka da faɗa muna cankar labarin, abin da suke faɗa kuwa ba mu ji. Yanzu fa? Yanzu an fassara shi da Hausa tsaf, ana tura shi a waya a shagon masu turi a bakin layi da ɗan kuɗi kaɗan, yaro yana jin kowace kalma, har ma da kalmomin da babu su a asalin fim ɗin waɗanda masu fassara suka ƙara don a yi dariya. To ka ga hukuncin da iyayenmu suka yi wa fim ɗin Indiya ba zai wadatar da mu ba, dole mu sake namu.

Bara in ɗauki fim ɗaya da kusan kowa ya sani don kada maganar ta zama a iska. Chennai Express, wanda Rohit Shetty ya bada umarni, Shah Rukh Khan da Deepika Padukone suka fito a ciki, ya fita a 2013 lokacin ƙaramar Sallah. Idan ana neman misalin fim mara nauyi, na soyayya da raha, to shi ne. Labarin wani tuzuru ne mai suna Rahul ɗan shekara 40, kakanninsa ne suka raine shi, suna da sana'ar alawa a Mumbai. Kakan ya mutu ana gab da bikin cikarsa shekara 100 yana cikin kallon wasan kurket, sai kakarsa ta ɗora masa nauyin kai tokar gawar wani gari mai tsarki a wurinsu da ake kira Rameswaram can kudancin Indiya ya zuba a ruwa. Shi kuma ya riga ya shirya da abokansa zasu tafi shaƙatawa Goa, sai ya yaudari tsohuwar ya hau jirgin ƙasan da ke zuwa kudu da niyyar ya sauka a tasha ta gaba. A nan ne ya miƙa hannu ya taimaki wata budurwa Meenamma ta hau jirgin, ya kuma taimaki wasu ƙarti huɗu suka hau, ashe ita gudowa tayi daga auren dole, su kuma mutanen babanta ne da aka turo su kamo ta, baban kuwa babban uban daba ne a ƙauyensu a jihar Tamil Nadu. Daga nan rigima ta fara.

Zan faɗi gaskiya, fim ɗin yana da daɗi kuma na yi dariya sosai, musamman inda su biyun suke magana da juna ta hanyar waƙa don kada ƙartin nan su gane abin da suke ƙullawa tunda su Tamil suke ji. Kuma idan aka gwada shi da fina-finan soyayya na Amurka, yana da kamun kai nesa ba kusa ba. Jarumar kusan duk fim ɗin cikin sari da kayan gargajiyarsu take, babu shiga ɗakin kwana irin wanda zai sa ka rasa inda zaka sa fuskarka, sannan a ƙarshe Rahul ya cika wa kakarsa alkawari, ya kai tokar inda aka ce, ya kuma koma ya fuskanci uban yarinyar ido da ido maimakon ya gudu da ita. Waɗannan abubuwa ne masu kyau kuma bai kamata a ƙi faɗarsu ba don kawai ana so a kushe.

Amma fa duk da haka ba zan saka wa ƴan ƙasa da shekara 13 shi ba, kuma ko manyan ma ba zan bar su su kaɗai ba. Abu mafi sauƙi shi ne waƙar nan guda ɗaya da aka ɗauko wata jaruma daban musamman don ta zo ta yi rawa a tsakiyar maza, ba ta da wata alaƙa da labarin, al'adar masana'antarsu ce su saka irinta don jan kasuwa. Wannan kam rimot ya isa, a wuce ta kawai, labarin ba zai ragu da komai ba. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne faɗa. Mutane suna mantawa cewa a wannan fim ɗin "na dariya" tun a cikin jirgi ƙartin nan suka ɗauki mai duba tikiti suka wurga shi daga kan gada, ana yawo da adduna ana zare ido, sannan faɗan ƙarshe tsakanin Rahul da Tangaballi wanda aka so a aura wa yarinyar faɗa ne mai tsawo, da duka da jini a fuska. Babba ya san wasa ne. Ɗan shekara biyar bai sani ba, ko dai ya tsorata ya hana ki barci ko kuma washegari ki ganshi ya ɗauki muciya yana gwadawa a kan ƙaninsa.

Sai kuma maganar da ta fi tsaya min a rai. Wata rana a gidan yayata ana kallon fim ɗin, yara sun baje a kan tabarma da kwanon gyaɗa a gabansu, an zo inda ake nuna ƴar tukunyar tokar da aka ɗaure bakinta da jan ƙyalle Rahul yana rungume da ita, sai ƙaramar cikinsu wadda ba ta wuce aji biyu a firamare ba ta juyo tace "Umma wai kakan nasa ne a ciki? Ya akayi ya shiga?" Yayyenta suka fashe da dariya, ɗaya yace ai ƙona shi akayi. Yarinyar nan tayi shiru, ta daina cin gyaɗar, can anjima ta sake tambaya ko ita ma Hajiya idan ta rasu haka za'a yi mata. Yayata ta tsayar da fim ɗin, ta jawo ta jikinta tayi mata bayani cewa su mabiya addinin Hindu ne, haka suke yi wa mamatansu, mu kuma Musulmi wanka muke yi musu da likkafani da sallah a binne su cikin mutunci. Minti biyar bai cika ba yarinya ta sake. To Edita ka duba, da babu babba a falon nan fa? Da wannan tsoron zata kwana, kuma ba lallai ta faɗa wa kowa ba. Haka ma inda Rahul ya ɗauki Meenamma ya hau matakala 300 da ita zuwa wurin bautarsu saboda mutanen ƙauyen sun ɗauka miji da mata ne, an yi wurin da kiɗa mai taɓa zuciya yadda duk mai kallo zai ji abin ya burge shi. Ban ce a zagi addinin kowa ba, nasu ne kuma fim ɗinsu ne, ba don mu suka yi ba. Amma yaron da bai gama sanin nasa ba yana buƙatar wanda zai ce masa wannan nasu ne, ga namu.

Kuma kusan duk irin waɗannan fina-finan, na Indiya ne ko na Amurka ko namu na gida, a kan ƙarya ake gina dariyar. Rahul yayi wa kakarsa ƙarya, Meenamma tayi wa babanta ƙarya cewa saurayinta ne, su biyun sun yi wa mutanen wani ƙauye ƙarya cewa ma'aurata ne har aka basu ɗaki ɗaya. Kowace ƙarya tana haifar da abin dariya, kuma a ƙarshe komai ya warware lafiya babu wanda ya ɗanɗana kuɗarsa. Dariyar ita ce kamar zumar da ake lulluɓe magani da ita, yaro ya haɗiye bai san me ya haɗiya ba. Wannan ba ya cikin abin da wata hukumar tace fim zata cire, kuma ba abin da zaka wuce da rimot bane tunda shi ne ƙashin bayan labarin. Maganinsa kawai a yi hira bayan an gama, a tambayi yaran, ku kuna ganin daidai yayi da ya yaudari tsohuwar nan?

Batun auren dole kuwa ni a ganina dama ce ga mai ƴaƴa mata da suka fara tasawa. Abin yana faruwa a cikinmu, ba sai an je Tamil Nadu ba. Fim ɗin ya nuna cewa zalunci ne a ɗaura wa yarinya wanda ba ta so, kuma addininmu ya riga shi faɗa, Manzon Allah (SAW) yace a nemi izinin budurwa, kuma ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, yana nan a Bukhari. Inda muka rabu da fim ɗin shi ne mafita. A fim yarinya ta gudu ta faɗa hannun baƙon da bata taɓa gani ba kuma Allah ya sa mutumin kirki ne. A zahiri yarinyar da ta gudu ta faɗa tasha mun san abin da yake biyo baya. Ya kamata ƴarki ta ji daga bakinki cewa idan abu irin wannan ya taso akwai goggo akwai kawu akwai liman akwai alƙali, kuma ke uwa kina bayanta. Idan fim ɗin dariya ya buɗe wannan hirar tsakanin uwa da ƴa to wallahi yayi amfani.

Wani zai ce ai akwai alamar shekaru da ake sakawa a fim, a bi ta mana. Eh akwai, kuma yana da kyau iyaye su san ta. A Indiya hukumarsu tana bada U ga wanda kowa zai iya kalla, U/A ga wanda yaro ke buƙatar babba a kusa, A kuma na manya zalla, kuma daga 2024 sun raba U/A ɗin gida uku, 7+ da 13+ da 16+. A Amurka akwai G da PG da PG-13 da R, ita PG-13 ɗin, wato mai jan kunnen iyaye a kan ƴan ƙasa da shekara 13, a 1984 aka ƙirƙiro ta, kuma yawancin fina-finansu na soyayya da barkwanci a nan suke faɗawa, alhali a ƙarƙashinta ana iya nuna saurayi da budurwa suna zaune gida ɗaya babu aure, da sumbata da maganganun batsa a fakaice, su a wurinsu wannan ya dace da ɗan shekara 13. A nan Najeriya hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993 tana da G da PG da 12 da 12A da 15 da 18, Kano kuma tana da tata hukumar tun 2001. Matsalar biyu ce. Na farko fim ɗin da aka turo a waya an riga an yanke farkonsa, babu alama babu komai, sai sunan mai fassara da tallan maganin gargajiya, wani tallan ma shi kansa bai dace yaro ya ji ba. Na biyu, su waɗancan hukumomin na waje tsiraici suke aunawa da jini da ƙwaya da ashar, ba sa auna kunya. Ba su san cewa a gidan Bahaushe akwai abin da uba ba zai iya kallo ƴarsa budurwa na zaune ba ko da kuwa rungumar juna ce kawai a cikin ruwan sama, ba su san zaman suruka a falo ba, ba su san ɗan fari ba. Sau nawa ana kallo zaka ga maigida ya miƙe yace bari in duba ƙofa, kowa ya san ba ƙofa zai duba ba. Duk fim ɗin da zai kori uba daga falonsa ai bai cika na iyali ba ko wace alama aka manna masa.

Kada kuma mu ce namu na Kannywood sun tsira don ba'a taɓa juna. Gaskiya ne an kiyaye wannan, kuma ina yaba musu. Amma a saurari bakin. Da yawa daga cikin na barkwancin dariyar a kan me take? A kan mai in'ina, a kan kurma, a kan gajere, a kan baƙauye da ya shigo birni, a kan tsoho mai budurwar zuciya da ƴan mata ke wanke shi, a kan kishiyoyi suna jifan juna da habaici, a kan saurayin da ya ari mota da shadda ya je zance. Yaro kuma abin da kunnensa ya ɗauka ya fi saurin maimaitawa fiye da abin da idonsa ya gani. Ni malamar makaranta ce, ina jin kalmomin nan a bakin ɗalibai a filin wasa, sati ɗaya da fitowar fim zaka ji sabon salon zagi ya zagaye aji, kuma idan akwai yaro mai in'ina a ajin shi zai sha wahalar. Fina-finan da aka fassara ma haka, wani lokacin asalin maganar jarumin ba ta da komai amma a Hausar sai a saka masa baƙar magana irin ta tasha saboda ita ce ke sa ƴan kallo ihu. Ina roƙon masu wannan sana'a, Allah ya basu basira sosai kuma suna ciyar da mutane da yawa, su tuna cewa rabin masu sauraronsu yara ne. Ba zai rage musu ciniki ba idan a farkon fim mai muryar nan yace wannan na manya ne, ko wannan a kalla tare da iyaye.

Yadda nake yi a gidana ba wani abu bane mai wahala. Ba na yarda a saka sabon fim a falo sai na riga na gani, da daddare bayan sun kwanta nake sa abin kunne in bi shi a waya, ba sai na kalli duka ba, ina ja ina tsayawa, waƙoƙin nake fara dubawa da wuraren da aka nuna dare ko ɗaki, sai in saurari hirar na ɗan lokaci in ji irin bakin da aka yi amfani da shi, sai ƙarshen don in ga wa aka ba gaskiya. Wanda yake jin Turanci zai iya duba shafin IMDb, suna da sashe na iyaye inda ake lissafa abin da ke cikin fim na tsiraici da faɗa da zagi da shaye-shaye, yana taimakawa duk da cewa da ma'auninsu suka rubuta. Sannan ina duba su waye zasu zauna, domin fim ɗin da zan kalla da ƴata mai shekara 15 mu biyu a ɗaki daban yake da wanda za'a saka ranar Sallah gida cike da baƙi da kakanni da ƴan yaye. Kuma dan Allah iyaye maza wannan aikin ba na mata bane su kaɗai, ku ne kuke sayo talabijin ɗin da dish da data, ku zauna ku ga me ke shigowa ta ciki, yaro idan ya ga babansa ya zauna ana dariya tare sannan ya ga inda baban ya ɗaure fuska ya wuce, ya koyi abin da wa'azin awa ɗaya ba zai koya masa ba.

Hukuncina a kan Chennai Express dai shi ne, daga shekara 13 zuwa sama a kalla tare da uwa ko uba, a wuce waccan waƙar, a yi bayanin tokar da wurin bautar, a tattauna ƙaryar da auren dolen. Ƙananan kuma a nema musu wani abin, lokacinsu zai zo. Wani gidan zai ga na tsaurara wani zai ga na sassauta, ba laifi, kowa ya san gidansa, abin da nake so kawai hukuncin ya fito daga wanda ya kalla da idonsa.

Edita ga roƙona gare ku. Kuna da shafin nishaɗi, kuna kawo mana labarin wane jarumi ya sayi mota wace jaruma tayi aure. Dan Allah ku ware ko da rabin shafi ne duk mako inda wani ma'aikacinku mai hankali, zai fi kyau ma a samu mace da namiji, zasu kalli fim ɗaya da ake yayi, na gida ko na Indiya ko na Turkiyya ko na Koriya da ƴan matanmu suka koma yanzu, su faɗa mana da Hausa ƙarara: ga labarin, ga abin da ke ciki na rawa da shiga da faɗa da baki da aƙida, ga shekarun da muke ganin ya dace. Ba fatawa muke nema ba kuma ba talla ba, bayani kawai. Akwai uwaye da yawa da basa jin Turanci kuma basu da lokacin bin fim na awa biyu da rabi bayan sun wuni a kan aiki, idan suka samu wannan a jaridarku ko a shafinku na Facebook zasu yi muku addu'a. Idan kun fara ni ma a shirye nake in riƙa aiko muku da nawa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Wata uwa kuma malamar firamare, daga Tudun Wada, Zariya.